Gajeriyar Shawara a Sashen Gaggawa ga Matasa Masu Shan Giya

Gajeriyar shawara tattaunawa ce ta minti 5 zuwa 30 tsakanin ma'aikacin lafiya da majinyacin da aka gano yana shan giya ko wasu kayan maye. Sau da yawa ana yin ta a sashen ba da agajin gaggawa, wanda mutane suka fi sani da imajensi, bayan an tsayar da jini, an ɗinke rauni, hankalin majinyacin ya dawo jikinsa. Manufarta ita ce matashin ya ga alaƙar abin da ya sha da abin da ya kawo shi asibiti, sannan ya yanke wa kansa abin da zai yi idan ya koma gida.

Wannan bayani na matasa ne da iyayensu da masu jinyarsu. Zai nuna dalilin da ya sa likita ke tambaya game da shaye-shaye, yadda tattaunawar take gudana, iyakar amfaninta, da abin da ya kamata dangi su yi.

Me ya sa ake maganar giya a Zamfara?

A ranar 27 ga Oktoba 1999 gwamnan Zamfara na lokacin, Ahmad Sani Yariman Bakura, ya ƙaddamar da Shari'ar Musulunci a Gusau, ta kuma fara aiki a watan Janairun 2000. Daga nan aka haramta sayar da giya da shan ta a jihar. Giya ta ɓace daga idon jama'a, kuma mafi yawan matasanmu ba sa shan ta. Sai dai wanda yake sha yana yi ne a ɓoye, ɓoyon kuwa yana da nasa haɗarin. Mai sha a ɓoye yakan kwankwaɗi da yawa cikin ɗan lokaci don kada a gan shi. Yakan nemi mai ƙarfi ta cikin 'yar leda ko ƙaramar roba, saboda ta fi sauƙin sakawa a aljihu. Yakan fita bayan gari ya sha, sannan ya hau babur ya dawo da dare. Idan wani abu ya same shi kuma, abokansa sukan ji tsoron kai shi asibiti da wuri.

Abu na biyu shi ne haɗa giya da ƙwayoyi. Binciken da Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta yi tare da ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai yaƙi da miyagun ƙwayoyi, wanda aka fitar a Janairun 2019, ya nuna cewa 'yan Najeriya miliyan 14.3 masu shekara 15 zuwa 64 sun yi amfani da ƙwayoyin maye a shekarar da ta gabaci binciken. A Arewa maso Yamma adadin ya kai kusan mutum miliyan 3, wato kashi 12 cikin 100. Ɗaya cikin kowane mutum 4 masu shaye-shayen mace ce. Wannan lissafi bai ƙunshi giya da taba sigari ba. A yankinmu, matashin da ke shan giya sau da yawa yana taɓa taramol, ko maganin tari mai kodin, ko wiwi, ko ƙwayoyin sa barci irin su rochi da baliyam. Shi ya sa duk abin da za a faɗa nan game da giya ya shafi waɗannan ma.

A duniya baki ɗaya, Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa giya ta yi sanadin mutuwar mutum miliyan 2.6 a 2019, kuma a cikin masu shekara 20 zuwa 39, an danganta kashi 13 cikin 100 na dukan mace-macensu ga giya, fiye da kowane rukuni.

Me ya sa a sashen gaggawa?

Matashi mai jini a jika ba ya zuwa asibiti don a duba lafiyarsa. Abin da ke kawo shi shi ne faɗuwa a babur, ko karo da mota a hanyar Gusau zuwa Tsafe ko ta Bungudu, ko sara a wurin faɗa, ko jijjiga, ko suma. Wataƙila wannan ne karo ɗaya tak da zai zauna gaban likita cikin shekaru da yawa.

A wannan lokaci kuma kunnensa a buɗe yake. Yana jin zafin rauni, ya ga jininsa, ya ga mahaifiyarsa tana kuka, ya san za a nemi kuɗin magani da na gyaran babur. Maganar da ya sha ji a gida ba ta shige shi ba, a ranar tana iya shiga. Bayan mako biyu ko uku ciwo ya lafa, abokai sun dawo, tsoron ya gushe. Da zafi-zafi ake bugun ƙarfe.

Abin da ya sa likita ke tambaya tun da farko

Tun kafin a zo maganar shawara, likita na buƙatar sanin abin da aka sha domin ya yi magani daidai.

- Maye da buguwar kai suna kama da juna. Duka biyun suna kawo magagi, da amai, da maganar da ba ta fita sosai. Idan an san abin da aka sha da lokacin da aka sha, likita zai fi saurin gane cewa wannan barcin ya wuce na maye, akwai jini da ke taruwa a cikin kai.
- Giya tana saukar da sukarin jini, musamman ga yaro ko wanda ya sha da yunwa. Wannan kaɗai na iya kawo suma da jijjiga.
- Giya da kodin da taramol da ƙwayoyin barci duk suna rage numfashi. Idan aka haɗa biyu ko uku, numfashi na iya tsayawa. Akwai allurar da ke karya ƙarfin kodin da danginsa cikin mintuna, ana kiran ta naloksan, amma ba ta yin komai a kan giya.
- Taramol yana kawo jijjiga. Wanda aka amince da shi a asibiti mai miligiram 50 ne ko 100, kuma ko babba ba a ba shi fiye da 400 a yini. Na kasuwar bayan fage yakan kai 225 a ƙwaya ɗaya.
- Idan za a yi tiyata, mai ba da maganin sa barci yana auna abin da zai bayar ne bisa abin da ke cikin jini da abin da jiki ya saba da shi.
- Giyar da aka haɗa a gida wani lokaci tana ɗauke da gubar metanol, wadda ke makantar da ido ta kuma kashe. A 2015 ta hallaka gomman mutane a jihohin Ondo da Ribas bayan sun sha ogogoro. Alamunta sukan jinkirta awa 12 zuwa 24.

Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Duk wanda ya san abin da majinyaci ya sha, aboki ne ko ɗan'uwa, ya ja likita gefe ya faɗa masa.

Yadda ake gano wanda ke buƙatar shawarar

Ba a duban fuska ko sutura a ce wannan mashayi ne. Tsarin da ya fi kyau shi ne a tambayi kowa, ɗan malam da ɗan kasuwa, namiji da mace, domin kada wani ya ji an ware shi.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da jerin tambayoyi 10 a 1989, ana kiran su AUDIT. Uku na farko suna tambayar sau nawa ake sha, nawa ake sha a rana, da sau nawa ake shan mai yawa a zama ɗaya. Sauran suna tambayar ko mutum ya taɓa kasa tsayawa bayan ya fara, ko ya kasa yin aikinsa, ko ya nemi sha da sassafe, ko ya yi nadama, ko ya manta abin da ya faru, ko ya ji ciwo ko ya ji wa wani, ko wani ya taɓa nuna damuwa a kan shansa. Maki yana tashi daga 0 zuwa 40:

- 0 zuwa 7: a wayar masa da kai.
- 8 zuwa 15: a ba shi shawara ta 'yan mintuna.
- 16 zuwa 19: a yi masa cikakkiyar gajeriyar shawara, a riƙa bibiyarsa.
- 20 zuwa 40: a tura shi wurin ƙwararru, domin akwai alamar jiki ya kamu.

Wannan ma'auni na manya ne. Ga wanda bai kai shekara 18 ba, ko kaɗan ya sha ana ɗaukar sa da muhimmanci, saboda ƙwaƙwalwa ba ta gama girma sai wajen shekara 25, kuma wanda ya fara da ƙuruciya ya fi saurin kamuwa. Hukumar tana da wani jerin mai suna ASSIST da ya haɗa giya da taba da ƙwayoyi, shi ya fi dacewa da matashin da ke gauraya su.

Likita zai nemi sanin yawan abin da ake sha a ma'aunin da aka sani. Babbar kwalbar giya mai santilita 60 tana ɗauke da kimanin giram 24 na sinadarin maye. Shan giram 60 a zama ɗaya shi ake kira sha mai nauyi, kwalba 3 sun riga sun wuce shi. Hanta kuwa ba ta iya sarrafa fiye da kimanin giram 10 a awa ɗaya. Wanka da ruwan sanyi, ko shan kofi, ko cin goro ba sa ƙara mata sauri.

Yadda tattaunawar take gudana

Tsarin ya samo asali ne daga aikin masanin halayyar ɗan'adam William Miller na Amurka, wanda a 1983 ya rubuta cewa mai shan giya ya fi canjawa idan shi ya faɗi dalilan canjin da bakinsa, a kan a ce an tsare shi da faɗa. Daga baya likitocin sashen gaggawa a Boston da jami'ar Yale suka taƙaita shi zuwa matakai 4. Ba a fara tattaunawar sai maye ya sake shi, an kuma rage masa zafin ciwo.

A ƙaddara saurayi ne ɗan shekara 19 ya faɗi a babur da dare a kan hanyarsa ta komawa Damba. Ya karye a hannu, an yi masa ɗinki a goshi. Da safe likita ta zo zagaye, mahaifinsa na zaune a gefen gado.

*Mataki na 1: neman izini.* Likita ta gaishe su, ta ce: "Baba, don Allah a ɗan ba mu wuri na minti 10, akwai tambayoyin da muke yi wa kowane majinyaci shi kaɗai." Da ya fita sai ta ce: "Sannu ƙanena, ya jikin? Ka yarda mu ɗan yi magana a kan abin da ka sha jiya? Ba don in kai ƙararka ba." Idan ya ce a'a, ba a tilasta masa. Za a sake gwadawa kafin a sallame shi.

*Mataki na 2: faɗa masa abin da aka gani.* "Ka ce kakan sha kwalba 3 ko 4 duk ƙarshen mako, jiya kuma ka haɗa da taramol. Kai a ganinka, akwai alaƙa tsakanin wannan da faɗuwar?" Wataƙila ya ce: "Wallahi likita, rami ne na faɗa." Ba za ta yi gardama da shi ba. Za ta ce: "Ramin yana nan, gaskiya ne. Abin da muka sani shi ne giya tana rage saurin da ido ke gani hannu ya taka birki, tun kafin mutum ya ji ya bugu. Kana bin hanyar nan kullum. Me ya bambanta jiya?"

*Mataki na 3: jawo dalilansa.* Za ta tambaye shi abin da yake samu a shan. Wani zai ce barci, wani mantuwa da damuwa, wani ƙarfin aikin gona ko na kabu-kabu, wani kuma don kada abokai su raina shi. Sai ta tambayi abin da shan yake ci masa. Daga nan ta ce: "Idan 1 na nufin ba ka shirya bari ba sam, 10 kuma ka shirya tsaf, kana ina?" Ya ce: "Kamar 5." Sai ta ce: "Me ya sa ba ka ce 2 ba?" Amsar wannan tambaya ita ce zuciyar aikin. "Saboda Inna. Jiya na ga yadda ta yi. Kuma babur ɗin ba nawa ba ne, biya nake yi." Da ta tambaye shi me ya sa bai ce 9 ba, da sai ya jero mata uzurori.

*Mataki na 4: shawara da yarjejeniya.* Nan likita za ta faɗi nata a fili: "A matsayina na likita, shawarata ita ce ka bari gaba ɗaya. Amma kai ne mai yankewa. Me kake ganin za ka iya daga yau?" Abin da suka amince a kai ya zama ƙarami, wanda ake iya aunawa: ba zai sha komai ba har a cire filasta, ba zai je majalisar da suke sha ba ranar Juma'a da dare, zai faɗa wa yayansa ko kawunsa da ya yarda da shi, zai dawo ranar kaza. Akan rubuta masa a takarda ya tafi da ita. Wasu asibitoci sukan bi shi da kiran waya ko saƙo bayan 'yan makonni.

Likita ce, ko nas, ko jami'in kula da jin daɗin majinyata, duk wanda aka horar zai iya yin wannan. A asibitin KCMC da ke Moshi a Tanzaniya an tsara irin wannan tattaunawa da harshen Suwahili domin waɗanda suka ji rauni, ma'aikatan jinya ke gudanar da ita.

Ragewa ko bari gaba ɗaya?

A ƙasashen da aka ƙirƙiro tsarin, sau da yawa burin shi ne a rage. A nan, ga matashi Musulmi, addininsa da dokar jiharsa da lafiyarsa duk abu ɗaya suke nema, wato ya bari. Ko ta fuskar likitanci kaɗai, Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana a Janairun 2023 cewa babu wani adadin giya da za a ce ba ya cutarwa. Bari gaba ɗaya ya zama dole ga waɗannan:

- wanda bai kai shekara 18 ba;
- mai ciki, ko wadda take shayarwa;
- mai ciwon hanta, musamman nau'in B da ya yi yawa a ƙasarmu;
- mai farfaɗiya, ko gyambon ciki, ko sikila, ko taɓin ƙwaƙwalwa;
- mai shan maganin tarin fuka ko wani magani da giya ke saɓa wa;
- duk mai tuƙi ko aiki da inji.

Duk da haka, idan saurayi ya ce yau iyakar abin da zai iya alkawari shi ne ba zai ƙara hawa babur bayan ya sha ba, ko ba zai ƙara haɗawa da ƙwaya ba, likita zai karɓa ya ɗora a kai. Wanda ya rayu ya dawo asibiti, akwai damar a sake magana da shi.

Shin tana aiki?

Tana aiki, amma gwargwado. A wani gwaji da aka wallafa a 1999 a jihar Rhode Island ta Amurka, an raba matasa 94 masu shekara 18 da 19 da giya ta kai su sashen gaggawa gida biyu. Bayan wata 6 dukansu sun rage sha, amma waɗanda aka yi wa tattaunawar sun fi ƙarancin tuƙi cikin maye da sake jin rauni. A asibitin St Mary's na Landan, gwajin da aka wallafa a 2004 kan manya 599 ya nuna cewa waɗanda aka haɗa da mai ba da shawara sun fi rage sha bayan wata 6, sun kuma fi ƙarancin dawowa sashen gaggawa cikin shekara. A 2018 ƙungiyar Cochrane ta tattara gwaje-gwaje 69 da suka ƙunshi mutum fiye da 33,000, ta ga cewa bayan shekara ɗaya waɗanda suka samu shawarar sun rage kimanin giram 20 a mako fiye da sauran, wato ƙasa kaɗan da babbar kwalba ɗaya. Tsawaita zaman bai ƙara wani amfani mai yawa ba.

Akwai kuma inda ba a ga bambanci ba. Wani babban gwaji a Ingila kan yara masu shekara 14 zuwa 17, wanda aka fitar da sakamakonsa a 2020, ya nuna cewa waɗanda aka ba shawara ba su fi waɗanda aka yi wa tambayoyin kaɗai ba.

Abin da iyaye za su ɗauka a nan shi ne: minti 15 ba sa gyara abin da ya yi shekaru yana ginuwa. Suna buɗe ƙofa ne, kuma ba su da tsada ko illa. Abin da ya biyo baya a gida shi ke sa ƙofar ta zauna a buɗe ko ta rufe.

Wanda gajeriyar shawara ba ta ishe shi ba

Idan mutum yana sha kullum, hannunsa na rawa da safe har sai ya sha, yana ƙara yawan abin da yake sha kafin ya ji shi, ko ya sha yin niyyar bari ya kasa, to jikinsa ya kamu. Wannan cuta ce da ke buƙatar magani na watanni.

Irin wannan mutum kada ya yanke sha kwatsam shi kaɗai, kada kuma a kulle shi a ɗaki a ce sai ta fita daga jikinsa. Awa 6 zuwa 24 bayan sha na ƙarshe yakan fara rawar jiki, da gumi, da tashin zuciya, da rashin barci. Cikin kwana 2 yana iya jijjiga. A kwana na 2 zuwa na 4 wasu sukan ruɗe, su riƙa ganin abin da babu, da zazzaɓi da bugun zuciya da sauri. Dangi sukan ɗauka aljanu ne ko sammu, alhali janyewar giya ce, kuma tana kisa idan ba a kula ba. A asibiti ana ba da magani mai kwantar da jijiyoyi da ake ragewa a hankali, da ƙarin ruwa, da sinadarin bitamin B1 domin kare ƙwaƙwalwa. Wanda ya saba da rochi ko baliyam shi ma haka ne, a hankali ake janye masa.

Likita zai kuma tambayi abin da ke ƙarƙashin shan. A Tsafe da Bungudu da ƙauyukan Gusau akwai matasan da suka rasa iyaye ko gona ko gari saboda hare-haren 'yan bindiga, wasunsu ba sa iya barci sai sun sha wani abu. Idan ba a yi maganin baƙin ciki da firgicin ba, shan zai dawo. Duk matashin da ya ambaci cewa ya gaji da rayuwa, a sanar da likita nan take, kada a bar shi shi kaɗai.

Sirrin majinyaci

Babban abin da ke hana matashi faɗin gaskiya shi ne tsoron kada magana ta kai gida, ko makaranta, ko Hisba. Dokar Kiwon Lafiya ta Ƙasa ta 2014, a sashe na 26, ta ce duk bayanin da ya shafi lafiyar majinyaci da jinyarsa sirri ne. Ba a fitar da shi sai da izininsa a rubuce, ko da umarnin kotu ko wata doka, ko idan ɓoye shi zai jefa lafiyar jama'a cikin babban haɗari. Ga yaron da bai kai shekarun girma ba, iyaye ko mariƙinsa suna da damar nema. Sashe na 20 kuma ya hana asibiti ƙin karɓar wanda ke buƙatar agajin gaggawa bisa kowane dalili, har da maye.

Kana da damar tambayar likita tun farko: "Wa zai ji abin da zan faɗa?" Zai gaya maka iyakar sirrin kafin ka fara. Idan kana so iyayenka su sani amma ka kasa faɗa, za ka iya roƙon likita ya zauna tare da ku.

Abin da iyaye da dangi za su yi

- Idan likita ya nemi ku ba shi wuri, ku fita da daɗin rai. Yaron da ke jin nauyin mahaifinsa ba zai faɗi gaskiya a gabansa ba.
- Kada ku tsare shi da tambaya a bakin gado, kada ku yi masa gori gaban 'yan dubiya. Wanda aka tona wa asiri ya ga ba shi da sauran abin karewa.
- Ku zaɓi mutum ɗaya da yake sakin jiki da shi, kawu ko yaya ko gwaggo ko malaminsa, ya zama shi ke bibiyar alkawarin.
- Ku riƙe makullin babur ko mota har sai likita ya ce ya warke.
- Ku adana maganin rage zafi da aka rubuta masa, ku riƙa ba shi a kan lokaci. Kada a ƙaro wani daga kemis ba da sanin likita ba.
- Ku cike masa lokacin da ya saba fita da wani abu: sana'a, ko karatu, ko ƙwallo.
- Ku raka shi ranar komawa asibiti. Idan ya koma sha, ku dawo da shi. Komawa sau ɗaya ko biyu abu ne da aka saba gani a hanyar bari.

A guji kai shi gidan mari. A 2019 'yan sanda sun fitar da ɗaruruwan mutane daga irin waɗannan gidaje a Kaduna da Daura da Katsina, da yawa a ɗaure da sarƙa, jikinsu duk tabon duka. Addu'a da nasihar malamai suna tafiya tare da maganin asibiti, ɗaya ba ya hana ɗaya.

Alamomin da ke buƙatar asibiti nan take

- an tashe shi ya ƙi tashi, ko yana amai cikin barci;
- numfashi ƙasa da sau 8 a minti, ko yana ɗaukewa na daƙiƙa 10;
- jijjiga;
- jiki ya yi sanyi, leɓe ko farce sun canja launi;
- ya bugu a kai, ko jini ko ruwa na fita ta kunne ko hanci;
- gani ya dushe, ko ciwon ciki mai tsanani bayan shan giyar haɗi;
- aman jini ko baƙin bayan gida.

Kafin a isa asibiti, a kwantar da shi a kan gefensa domin kada amai ya shaƙe shi. Idan haɗari ya yi, a tallafe kai da wuya su zauna a miƙe yayin ɗaukarsa. Kada a ɗura masa manja ko madara ko ruwan gishiri, kada a sa masa yatsa a maƙogwaro, kada a cusa masa cokali a baki idan yana jijjiga. A tafi da kwalba ko leda ko katin ƙwayar da ya sha.

Inda za a nemi taimako

A Gusau akwai sashen gaggawa a Asibitin Tarayya da aka fi sani da FMC, da Asibitin Ƙwararru na Yariman Bakura. Mutanen Tsafe da Bungudu su fara da babban asibitin garinsu, daga can a tura su gaba idan da buƙata. Ga wanda jikinsa ya kamu, akwai asibitocin ƙwaƙwalwa na tarayya a Kware kusa da Sakkwato da Barnawa a Kaduna, da kuma asibitin Dawanau a Kano. Hukumar NDLEA ta buɗe layin waya na kyauta a 2022 domin masu neman shawara a sirrance, dare da rana: 0800 1020 3040.

Sashen gaggawa wuri ne mai cunkoso, wani lokaci a ɗinke rauni a sallami mutum ba a taɓo maganar ba. Idan haka ta faru, kai majinyaci ko ke mahaifiyarsa kuna iya cewa: "Likita, muna son minti 10 a kan abin da ya jawo wannan." Ku nema kafin a rubuta takardar sallama.

Allah ya ba marasa lafiyarmu lafiya, ya shirya mana zuri'a.